Wane Ne Naka? Magana a Kan Wasu Kalmomin Turanci da Suka Shigo Mana Gida

 

Duk wanda ya taɓa saye da sayarwa ya san mudu ba ɗaya ba ne. Wanda ake awo da shi a kasuwar Muda Lawal daban, wanda za ka tarar a kasuwar ƙauye daban. Suna ɗaya, ciki ba ɗaya ba. Wanda ya sari hatsi da wancan ya zo ya sayar da wannan ba tare da ya lura ba, da yamma lissafi zai ƙi fita, ya rasa ta inda ɓarnar ta shigo. To kalma ma mudu ce. Da ita muke auna wa mutum matsayinsa a wurinmu, da abin da yake bin mu, da abin da muke bin sa. In aka canza mana mudun muna barci, ranar rabo za a ji kuka.

Ku saurari yaranmu in sun taso daga makaranta. Ƙanwar uwa anti ce, ƙanwar uba anti ce, malamar aji anti ce, amaryar baba ma anti ce. Ɗan baffa ya koma kozin. Mu manya kuma, in mun je banki buɗe asusu, ko asibiti, ko wurin yin katin ɗan ƙasa, kai har tashar mota wurin rubuta sunayen fasinja, sai a miƙo mana takarda mai layi ɗaya tal an rubuta next of kin, a ce sa sunan mutum guda. Ba faɗa muke da Turanci ba, ai da shi muke cin kasuwa, da shi yaranmu ke neman abinci. Amma abin da ya shigo maka gida har ya kai ɗakin matarka, ya kamata ka san asalinsa. Allah ya albarkaci unguwar nan da malaman makaranta, har da masu koyarwa a ATBU da Tatari Ali, ƙamus kuma yana nan a gidajenmu ƙura na cin sa. Da aka buɗe shi, ga abin da aka tarar.

Kalmar kin tana nufin dangi, waɗanda kuka haɗa jini. Kalmar kind tana da fuska biyu: ana nufin iri da ita, kamar a ce irin wake ko irin shanu, ana kuma kiran mutum mai kyautatawa da ita. Daga nan aka sami kindness, wato alheri ko kyautatawa. Mai karatu zai ɗauka kamannin sauti ne kawai, kamar gari da gāri, amma ba haka ba ne. Uwarsu ɗaya. A tsohon Turancin da aka yi magana da shi a Ingila fiye da shekara 1000 da suka wuce, cynn na nufin zuriya, gecynde kuma na nufin abin da aka haifi mutum da shi, halinsa na asali. Saboda haka in mutumin wancan zamani ya ce wane kind ne, abin da yake cewa shi ne, wane yana yi wa mutane irin abin da jini ke sa mutum ya yi wa nasa. Daga wannan saiwa kindred ta fito, wato dangi gaba ɗaya, da mankind, wato 'yan Adam. Har kindergarten da muke gani a allunan makarantun kuɗi, kalmar Jamusanci ce mai nufin lambun yara, kuma Kind ɗin da ke cikinta, wato yaro, 'yar wannan gida ce.

Wanda ya yi karatun Islamiyya ba zai yi mamaki ba. A Larabci mahaifar mace sunanta rahim, jinƙai kuma rahma, harufa uku ne suka haife su duka. Sada zumunci silatur rahim ne, wato ƙulla igiyar mahaifa. Hadisi ma ya zo da cewa Allah ya cirar wa zumunci suna daga sunansa Arrahmanu, ya kuma yi alkawarin sadar da wanda ya sadar da shi, da yanke wanda ya yanke shi. Hausarmu ita ma ba a bar ta a baya ba. Mu ce ɗan'uwa, ɗan uwa ke nan, muna nufin ƙauna. Mu ce ɗan uba, muna nufin kishi da gasa, har muka gina kalma guda a kansa, 'yan'ubanci. Mu ce mutum, mu ce mutunci. Al'ummu uku da ba su yi shawara da juna ba, duk sun tafi kan cewa tausayi a cikin gida aka haife shi, a jikin uwa aka fara koyonsa.

To ga inda maganar ta yi nauyi. In alheri ɗan gida ne, bare yana da rabo a ciki?

Akwai masu karanta abin da cewa a'a. Alheri na naka ne, abin da ya zuba a ƙasa bare ya tsinta. Tsofaffin Turawa ma sun taɓa irin wannan tunani ta wata fuska. Kalmar gentle, da ta ba da gentleman, daga kalmar Latin ta gidan zuriya ta fito, generous kuma, da yanzu ke nufin mai kyauta, da can mai asali take nufi. Wato wai kirki gadon manyan gidaje ne. Balarabe ya ce karimi, yana nufin mai daraja da mai kyauta a lokaci ɗaya. Mu ma muna cewa ɗan babban gida, ɗan asali. Kasuwa dai ta sha ƙaryata wannan. Mun ga ɗan dako ya tsinci damin kuɗi ya bi mai shi har tasha, mun kuma ga ɗan babban gida ya ci bashi ya canza layin waya. Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, da ya yi aikin Di'o a Arewa, ya gabatar da lacca a 1973 a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki. Ya lissafo gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Guda goma, babu ɗaya da ake gwadawa a ɗakin awon jini.

Turanci daga baya ya raba 'ya'yan nan biyu, kowa ya kama gabansa. Kindness ta fita daga gida ta zama abin da ake yi wa kowa, har dabba. Kin kuma ta yi ta tsukewa, har iyali a wurinsu ya koma miji da mata da 'ya'ya, sauran kuwa sai an ƙara musu wata kalma mai nufin waɗanda aka jawo daga nesa. Gaskiya dai gaskiya ce, sun ci riba a wannan rabuwa. Wanda bai san ka ba yana iya tsaya maka a kan hanya, ya gina asibiti a ƙasar da ba shi da kowa. Amma sun yi asara, kuma wannan asarar ce muke tsoron ta biyo yaranmu. Da alheri ya rabu da dangi, sai ya tashi daga farilla ya koma nafila. Ka yi, a gode maka, a ɗauke ka hoto. Ka bari, babu mai tuhumarka.

Zumunci kuwa ba ya jiran ka ga dama. Bashi ne da ka tashi ka tarar a wuyanka, ba ka sa hannu a takardarsa ba. Ba kai ka zaɓi gwaggonka mai faɗa ba, ba kai ka zaɓi ƙanenka da duk jarin da aka ba shi sai ya karye ba. Hadisi ya koyar da cewa mai rama ziyara da ziyara bai kai matsayin mai sada zumunci ba, sai wanda aka yanke masa ya je ya ƙulla. Shi ya sa ya fi wuya. Bai wa almajirin da ba ka sani ba naira ɗari biyu yana da daɗi, zai yi maka addu'a ya wuce, ba za ka sake ganinsa ba. Biya wa ɗan ƙanenka kuɗin makaranta, alhali ubansa ya zage ka a gaban mutane ranar rabon gado, wannan shi ne aiki. Muna da attajirai a garin nan da ake raba buhunan shinkafa a ƙofar gidansu da azumi ana sa wa a Facebook, 'yar'uwarsu ciki ɗaya tana Bakaro ko Ilelah mai gidan haya ya ba ta wa'adi. Irin wannan mutum yana da kindness. Abin da ya rasa shi ne kin.

Yanzu mu dawo kan mudun kansa, mu ga yadda yake awo. Bature yana da kalma ɗaya, uncle, ga wan uba da ƙanen uba da wan uwa da ƙanenta, har da mijin gwaggo. Mu kuwa baffa daban, kawu daban, kuma ba don ado muka raba ba. Baffa uba ne. Shi ke karɓar sadaki, shi ke ba da aure, in uba ya faɗi shi ke tsayawa. Kawu kuma wurin gudu ne, inda yaro ke kai ƙara in gida ya yi zafi. Gwaggo tana da bakin magana a gidan ɗan'uwanta da inna ba ta da shi, inna kuma tana da cinyar da gwaggo ba ta da ita. Yaron da ya tashi yana kiran su duka onkul da anti, ran da zai nemi aure bai san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa ba. Wani abin sha'awa, ita uncle ɗin a Latin ɗan'uwan uwa kaɗai take nufi, wato kawu, cousin kuma ɗan 'yar'uwar uwa. Su ma da sun rarrabe, daga baya suka zuba a buhu ɗaya.

Inda suka haɗa mun raba, inda muka haɗa kuma sun raba. Hausa ba ta da kozin. Ɗan baffanka wanka ne ko ƙanenka, shi ke nan. In an matsa sai ka ce ɗan wan babana ne, kuma a da faɗin hakan ma abin kunya ne a gaban yaron. Ɗan kawu da ɗan gwaggo su ne abokan wasa, taubasai, masu karɓar kuɗin shara. Ku dubi abin da kalmar nan ke yi a gidan da ake riƙon maraya. Baƙo ya shigo ya tambayi yaron gida wane ne wannan, a da sai ya ce ƙanena ne. Yau sai ya ce kozin ɗina ne, yana zaune a wurinmu. Bai yi ƙarya ba, bai yi zagi ba. Amma marayan ya ji, kuma ya gane an nuna masa iyakarsa. Haka half brother, wai rabin ɗan'uwa. Fiƙihu ya san shaƙiƙi da li'abi da li'ummi, ya ba kowa hukuncinsa a gado, amma bai taɓa kiran mutum rabi ba. Ita kuma anti da ake kiran matar uba da ita, ku lura da kyau. A da yaro yana ce mata Inna ko Iya ko Umma, sunan da ke ɗora mata nauyin uwa ko tana so ko ba ta so. Anti suna ne mai tsabta da ladabi, ba ya ɗora wa kowa komai. Ita ba ta zama uwa ba, shi bai zama ɗa ba, kowa ya huta, sai ranar da uwar yaron ta bar gidan.

Kada dai mu ɗora wa Bature abin da muka haifa da kanmu. Agola ba Turanci ba ne. Kishiya ba Turanci ba ce, kuma daga kishi muka ciro ta. Bare, ɗan riƙo, cin arziki, duk namu ne, kuma wasu sun fi kozin ciwo nesa ba kusa ba. Mun iya yanka da wuƙarmu tun kafin a kawo mana ta waje.

Sai babbar, wadda ta kai gidaje da yawa gaban alƙali. Next of kin a harshensu na nufin wanda ya fi kusa da kai a dangi. An yanka takardar ne daidai jikin mutumin da ke da mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Sai ga Alhaji mai mata uku da 'ya'ya goma sha huɗu, uwarsa na da rai, an ba shi layi ɗaya. Duk sunan da ya sa, ya ɓata wa sauran. Mafi yawanmu kuma, har da wasu masu boko, sun ɗauka wanda aka rubuta shi ne magaji. Jama'a, ba haka ba ne, ko a dokar ƙasa. Wanda aka rubuta shi ne za a nema in wani abu ya faru, shi zai kawo labari, shi zai bi takardu. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci don sunanka na kan fom, sai da takardar kotu. A wurin Musulmi kuwa an gama rabon tun a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Mata su raba tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Uwa ta ɗauki sudusi in mamacin ya bar ɗa. Namiji ya ɗauki rabon mata biyu a tsakanin 'ya'ya. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Babu inda biro ɗin ma'aikacin banki ya shigo a ciki.

Duk da haka mun ga babban ɗa ya karɓi kuɗin sallamar ubansa ya sayi mota, ya ce ai shi baba ya rubuta. Mun ga amarya ta riƙe katin cirar kuɗi da lambarsa, kafin a yi sadakar uku asusu ya bushe, uwargida da 'ya'yanta suna zaman makoki ba su sani ba. Waɗannan ba jahilcin addini ya kai su ba, sun san ayoyin sarai. Kalmar Turancin ce ta ba su inuwar fakewa. Shawararmu ga duk magidanci, ka tara iyalinka tun kana da numfashi, ka gaya musu wanda ka rubuta da dalilin rubuta shi, ka gaya masa a gabansu cewa ɗan aike ne. Ka zaɓi mai amana ko da ba shi ne babba ba.

A cikin hukuncin gadon nan akwai wani abu da ke amsa tambayarmu ta farko. A asalin mazhabar Malikiyya da muke bi, kawu ba ya gado, gwaggo ba ta gado, ɗan 'ya ba ya gado, alhali sada zumuncinsu wajibi ne. Jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa, in akwai baffanninsa, ba shi da ko sisi, ko da a gidan aka haife shi. Mutane kan ji wannan su yi shiru, ransu bai so ba. Amma shari'a ba ta bar wurin a buɗe ba. Ta ba kakan sulusi ya yi wasiyya da shi, ga inda ya kamata ya faɗa. Aya ta 8 ta wannan sura kuma ta yi umarni da a ba dangi da marayu da miskinai da suka halarci rabo wani abu, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Wato an auna wa jini nasa da mudu, sannan aka ce wa alheri ya cika inda mudun bai kai ba. Sau nawa muka ga an yi aiki da aya ta 8 a rabon gado a unguwar nan? Ta 11 kowa ya haddace ta.

Jini kuma yana da tasa cutar in aka sake masa linzami. Bature yana da kalmar nepotism, wato fifita naka a kan mai haƙƙi, kuma daga kalmar ɗan ɗan'uwa ta fito, saboda wasu Fafaroma na da da suka riƙa naɗa 'ya'yan 'yan'uwansu a manyan muƙamai. Mu namu ne muke cewa. Wanda ya ba ɗan yayarsa gurbin aikin da wani ya fi shi cancanta, ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Zumunci daga aljihunka ake yin sa.

To mu mutanen wannan unguwa, ya kamata maganar nan ta fi taɓa mu fiye da kowa, don mu jikokin baƙi ne. Kakanninmu daga Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja suka zo, wasu da jakuna da kanwa da goro, wasu neman karatu, wasu sai da jirgin ƙasa ya iso Bauchi a farkon shekarun 1960, wasu bayan garin ya zama hedikwatar jiha a 1976. Wanda ya iso da almuru ba shi da kin ko ɗaya a nan. Mai masauki ne ya buɗe masa zaure, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a kasuwa aka ba shi bashi, in ya ga hankalinsa bayan shekara biyu ya ba shi 'ya. Mu ne 'ya'yan wannan aure. Yawancin waɗanda muke kira baffa da gwaggo a layin nan, in aka bi salsala, ba a haɗa kaka ba, zaure aka haɗa. A wurin Bature kin ce ta haifi kindness. A tarihinmu alherin ne ya haifi dangin.

Garin ma kansa haka aka kafa shi. Malam Yakubu, da ya kafa Bauchi wajen 1809, Bageri ne, ba dangin Shehu Usmanu ba, ba ma Bafulatani ba. Almajirci ya kai shi hannun Shehu, ya zauna ya yi karatu, aka ba shi tuta kamar yadda aka ba 'yan gida. Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kabarinsa ke nan cikin gari, ya taɓo wannan a littafinsa Shaihu Umar na 1934: yaron da aka sace, wani Balarabe ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa ya karantar da shi har ya zama malami, uwarsa kuma ba ta zauna ba, ta bi sawunsa har ta faɗa bauta a hanya. Alherin bare ya yi masa rana, amma bai goge haƙƙin wadda ta haife shi ba. Kafin duk wannan akwai Madina. Da Muhajirai suka iso ba su da komai, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansaru mutum da mutum. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuma ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, abin da duk ɗan kasuwa zai ji daɗin ji. Har gadon juna suka yi na ɗan lokaci, sai ayar ƙarshen Suratul Anfali ta mayar da gado ga jini. Gadon aka mayar. Taimakon da tsayawa juna ba a soke su ba.

Akwai wata kalmar da ta rage, kuma duk mai ɗa da ya gama sakandare a unguwar nan ya san ta: indijin. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda in babu ita gurbin karatu da tallafin karatu da aikin gwamnati da shiga soja sukan yi wuya. Malaman harshe sun ce gen ɗin da ke cikin indigene, wato haifaffen wuri, da kin da kind duk saiwarsu ɗaya ce in aka bi can baya. Kun ji fa. Tushen da ya ba da kalmar buɗe wa baƙo ƙofa, shi ya ba da kalmar rufe masa ita. Yaron da aka haife shi a nan, aka haifi ubansa a nan, yakan ji an ce ya koma garin kakansa ya karɓo takarda, can kuma a ce ba a san shi ba. Wanda yake ganin wannan awon daga Allah yake, ya tuna 1 ga Oktoba 1996 da aka cire Gombe daga Bauchi. Mutanen da suka kwana 'yan jiha suka wayi gari baƙi, ba su matsa ko taku ɗaya ba.

Muna da haƙƙin yin kuka a kan wannan, kuma muna yi. Amma kukan zai fi shiga kunne in hannunmu a wanke yake. Tun rikicin Jos na 2001 da na Yelwan Shendam na 2004 mutane ke shigowa garin nan da abin da ke jikinsu, daga baya ga na Borno da Yobe. Alhamdu lillahi, yawancinsu gidajen jama'a ne suka haɗiye su, kuma unguwar nan ta yi nata. An ba da tabarma, an ba da tuwo, an ba da tsofaffin kaya. Wannan kindness ce, Allah ya ba da lada. Amma abin da aka yi wa kakanninmu ya wuce tuwo. Yau shekara goma, wasu ashirin, har yanzu 'yan gudun hijira muke ce musu, 'ya'yansu da aka haifa a layinmu ma haka. In ɗayansu ya nemi shago sai a ce ya kawo wanda zai tsaya masa, mu kuma duk mu sunkuyar da kai. Kuɗin hayarsu ya fi na kowa saurin hawa, don an san ba su da wurin zuwa. Maƙwabcinmu Basayi ko Bajari ko Ibo, da shari'a ta ba shi haƙƙin maƙwabtaka ko da addini ya raba mu, sai ya kwanta asibiti mako biyu ba mu leƙa ba, alhali wasunsu kakanninsu sun riga namu shan ruwan ƙasar nan.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne aure. Yaro ya tashi a gabanmu, muna sahu ɗaya da shi a masallaci shekara goma sha biyar, mun san sana'arsa, mun san ba ya shaye-shaye, mun taɓa ba shi ajiya ya dawo da ita cif. Ya aiko neman 'yarmu, sai a shiga ɗaki a fito a ce ba a san asalinsa ba. Bincike kafin aure daidai ne, babu mai cewa a bari. Sai dai abin da aka ce a bincika addini ne da hali, kuma waɗannan mun riga mun gan su da idonmu. Abin da ya rage da ba mu sani ba shi ne sunan ƙauyen da aka ƙone. Dattijon da ya kafe a kan wannan, a tambaye shi cikin ladabi a wane zaure kakansa ya fara kwana a garin Bauchi, da takardar da ya nuna kafin a ba shi kakarsa.